Me ya sa gorar zoɓo take kumbura? Lissafin sukari, yis da gas

Idan kana bin hanyar Kano zuwa Zariya, ka san yadda ake yi in mota ta tsaya a Kwanar Ɗangora. Kafin direba ya kashe inji, bokitai sun kewaye taga: zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, lemon citta, duk a gorunan roba. A ce ka miƙa kuɗi ka karɓi gora ɗaya ta zoɓo. Ka ji ta da tauri a hannu kamar sabon lemon kamfani. Kana murɗa murfin sai ta yi "fisss", kumfa ta taso har ta ɓata maka riga. Ka kurɓa, ga zaƙi yana nan, amma akwai ɗan yaji-yaji yana tsikarar harshe.

Wani zai ce ai wannan zoɓon ya fi daɗi ma, mai gas ne. Wani kuma zai tofar ya ce ya lalace. To wa ya sa masa gas ɗin? Matar da ta haɗa shi da asuba ba ta da injin ɗura gas. Ruwa ne da zoɓorodo da citta da kanunfari da sukari, sai ɗan abarba in an samu. Amsar wannan tambaya ta shafi lafiyarka, ta shafi jarin mai sana'ar, kuma akwai ɓangaren da ya shafi addini wanda mutane ba su cika son a taɓo ba. Za mu taɓo shi, amma da alƙaluma.

Mai aikin da ba a gani

Duk matar da ta taɓa kwaɓa ƙullin waina ko funkaso ta san yis. Ana zuba shi a ƙulli, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi, bayan ɗan lokaci ƙulli ya tashi ya yi ƙofofi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yis ba hoda ba ce kawai irin ta kanti. Halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, ƙanƙantarta ta kai sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Kuma ba a leda kaɗai yake zaune ba. Yana nan a ɓawon abarba, a jikin dabino da aya, a kan rake, a hannunmu, a jikin ludayi da rariya, a ƙafar ƙuda. Mafi muhimmanci ga zancenmu, yana nan a ɗigon lemon da ya rage a gindin tsohuwar gora da cikin zaren murfinta.

Abincin yis sukari ne. In ya ci sukari a wurin da iska ba ta wadata ba, kamar cikin rufaffiyar gora, yana fitar da abu biyu. Na farko iskar kabon dayokzayid, wadda masana ke rubutawa CO2, ita ce muke kira gas a lemo. Na biyu etanol, wato sinadarin barasa. Ba ya fitar da ɗaya ya bar ɗaya. Tun farkon ƙarni na 19 masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Gay-Lussac, ya fitar da lissafin: giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 88 na gas da giram 92 na etanol. Daga baya, a tsakanin 1857 da 1860, Louis Pasteur ya tabbatar cewa halittu masu rai ne suke wannan aiki, ba wai ruwan ne yake canzawa da kansa ba.

Ka riƙe wannan lissafin, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake. A sauƙaƙe: duk sukarin da yis ya ci, kusan rabinsa gas ne, rabinsa barasa. Tagwaye ne, nauyinsu kusan ɗaya.

A burodi da waina wannan ba ya damun kowa, domin zafin wuta yana kashe yis ɗin, yawancin etanol ɗin kuma ya bi tururi. A gora kuwa babu wuta, babu hanyar fita.

Abin da masu giya suka koya da wahala

Mutanen da suka fi kowa nazarin gas a rufaffiyar kwalba su ne masu yin giya, kuma dole mu leƙa wurinsu in muna son alƙaluma. Su da gangan suke neman gas ɗin, mu kuma guje masa muke yi, amma ilimin ɗaya ne.

A yankin Shamfen na Faransa, inda ake yin ruwan inabi mai kumfa, an daɗe ana asara. Ana ɗura ruwan a kwalba da sauran sukari a ciki ba tare da an san yawansa ba. Sanyin hunturu ya sa yis ya kwanta, in ɗumi ya dawo ya farka ya ci gaba da ci. Sai kwalabe su kama fashewa a ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta fashe ta tayar da na kusa da ita. Har takunkumin ƙarfe ma'aikata suke sawa a fuska kafin su shiga. A 1837 wani mai haɗa magunguna a garin Shalon, Jean-Baptiste François, ya wallafa hanyar auna sukarin da ya rage kafin a rufe kwalba, daga nan asarar ta ragu ƙwarai. A yau ƙa'idarsu ita ce giram 24 na sukari a kowace lita, kuma wannan kaɗai yana ba da matsin da ya kusa ninka na tayar mota sau uku. Shi ya sa kwalbarsu take da kauri da nauyi, ake kuma ɗaure murfin da waya.

Masu haɗa giyar sha'ir a gida a Turai da Amurka su ma hanyarsu ke nan. Suna barin ruwan a babban mazubi mai ƙofar fitar iska har yis ya cinye duk sukarin da zai iya ci. Suna aunawa da ma'auni kwana biyu ko uku a jere, sai sun ga lambar ta daina motsi. Sannan su zuba sukari ɗan kaɗan da suka auna a sikeli, giram 5 zuwa 8 a lita, su rufe kwalba, su jira kamar mako biyu. Dabarar duka ita ce yis ya ci abin da aka ba shi, abinci ya ƙare, ya tsaya. In mutum ya yi gaggawa ya ɗura kafin tashin farko ya gama, ko ya zarce a sukari, kwalba za ta fashe masa a ɗaki.

A nan gida ma an san da haka ba tare da sikeli ba. Burkutu, wadda ake dafawa da tsiron dawa a garuruwan Maguzawa da sauran al'ummomin da ba Musulmi ba, a tukunya ko randa take zama a buɗe, tana tsaka da tashi ake ɗiba da ƙwarya. Ba a toshe ta a kwalba. Masu bammi ma sukan bar wa jarka hanyar numfashi. Kowa ya gane cewa ruwan da yis yake aiki a cikinsa ba a rufe masa baki.

Daga ƙwarewar waɗannan mutane aka samu wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Giram 4 na sukari, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, in yis ya cinye shi a cikin lita ɗaya ta ruwa, yana ba da kusan lita ɗaya ta gas.

Yanzu mu dawo kan gorar zoɓo

Lemon kamfani yana ɗauke da sukari kusan giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Zoɓon sayarwa, in ya yi zaƙin da masu saye suke so, bai yi nisa da haka ba. Ke nan gora mai rabin lita tana da sukari kamar giram 50, cokali 12 da ɗoriya. In yis zai cinye wannan duka, zai fitar da gas kusan giram 25, wanda a zafin garinmu ya kai lita 14. Lita 14 a cikin gorar rabin lita. Masu Shamfen cokali 6 suke sawa a lita guda suna ɗaure murfi da waya. Mai zoɓo tana da ninki huɗu na wannan, a gorar ruwa mai laushi, kuma babu abin da zai ce wa yis ya tsaya.

Ga inda abin yake yaudarar mutane. Lemon kamfani yana da gas kamar lita 3 da rabi zuwa 4 a kowace lita ta ruwa. Kafin gorar zoɓo ta rabin lita ta kai wannan matakin, cokali 2 kacal yis yake buƙatar ci daga cikin 12. Saura 10 suna nan. Shi ya sa ka kurɓa ka ji zaƙi, ka ce ai lafiyarsa lau. Harshe ba ya saurin gane an rage cokali biyu daga goma sha biyu. Hannunka da ya ji taurin gorar ya fi harshenka gaskiya.

Zafi yana ƙara dagula lamarin ta hanya biyu. Ta farko, yis ya fi sauri a tsakanin digiri 30 zuwa 35, kuma in abinci ya wadata yana iya ninka yawansa cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Ƙwayoyi kaɗan da suka shiga da asuba sun zama runduna kafin dare. Wannan ne ya sa zoɓon da zai kwana lafiya a cikin hunturu a tsaunukan Riruwai ba zai kai ko'ina ba a watan Afrilu a tashar Bebeji. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo a watan Maris, lokacin da zafi yake tashi kuma ciniki ya fi yawa, kowa ya ƙara yawan abin da yake haɗawa, ga wuta ba tabbas.

Ta biyu, ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe gas. Wani Baturen Ingila, William Henry, ya bayyana a 1803 cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana tafiya daidai da ƙarfin matsin da ke kanta. In matsin ɗaya ne, irin na sararin da muke ciki, lita ɗaya ta ruwa mai sanyin ƙanƙara tana riƙe fiye da giram 3 na gas. A digiri 20 ya koma kusan giram 1.7. A digiri 40 bai cika giram 1 ba. Gas ɗin da ruwa ya kasa riƙewa sai ya haura ɗan sararin da ke wuyan gora ya riƙa tura bango da murfi. Ka san mai faci yakan ba tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa. Lemon kamfani da ya fito daga firji, in da za a sa masa wannan ma'aunin, zai nuna kamar 25. Ka bar shi a bayan mota da rana har ya kai digiri 40, zai haura 80. Ba a ƙara masa komai ba, zafi ne kawai.

Gorar lemon kamfani an ƙera ta don wannan. Duba gindinta, za ka ga ƙafafu biyar, ga kauri. Gorar ruwan sha kuwa siririya ce, ba don matsi aka yi ta ba. Ita ce take fara kumbura, gindinta ya turo waje ta kasa tsayuwa, murfi ya fara tsiyaya. Kwalbar gilashi ita ce mafi hatsari. Ba ta kumbura balle ta yi maka gargaɗi, sai dai kawai ta tarwatse, kuma ɓarɓashinta ido yake nema. Kar a kuskura a ɗura abin sha mai sukari na gida a kwalbar gilashi a toshe a ajiye a ɗaki.

To, nawa ne barasar?

Tunda gas da barasa nauyinsu ɗaya, taurin gora yana iya zama ma'auni. A ce an rufe gora tun farko ba a buɗe ba, tana zaune a zafin digiri 30, har matsin cikinta ya kai na tayar mota. A wannan matakin akwai gas kusan giram 3 a kowace lita, don haka etanol ma kusan giram 3. In an juya shi zuwa yadda ake rubutawa a jikin kwalba, ya kama kusan kashi 0.4 cikin 100. In ta kai ƙarfin gas na lemon kamfani, ana maganar kusan kashi 1. Giyar kwalba kuwa tana da kusan kashi 5.

Ka ga ke nan zoɓon safe da ya ɗan yi "fis" da yamma bai zama giya ba, kuma ba zai bugar da kowa ba. Ɗan burbushin etanol yana nan ma a nunanniyar ayaba da ruwan 'ya'yan itace da ya ɗan jima. Bai kamata wannan rubutu ya sa wani ya je yana zargin mata masu neman halalinsu ba.

Amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata a yi magana a kanta. Mai sana'a ta ga goruna sun fara tauri, ba ta son su fashe, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sassauta murfi gas ya fita, ta mayar ta ɗaure. Gobe ta sake. A ido matsala ta kau, gora ta yi laushi. Sai dai gas ne kaɗai ya fita. Ɗan'uwansa yana nan a cikin ruwa, yis kuma yana ci gaba da ci. Wannan shi ne ainihin abin da mai yin giya yake yi da mazubinsa mai ƙofar iska. In aka ci gaba da haka kwana da kwanaki har yis ya cinye giram 100 na sukari a lita, abin da zai rage zai kai kashi 5 zuwa 6. Wato ƙarfin giyar kwalba, da launin zoɓo. Alamar wannan matakin ita ce zaƙi ya gudu, ƙamshi ya koma wani iri mai hawa hanci. Don haka laushin gora ba shaida ba ne sai in ba a taɓa buɗe ta ba.

Hukuncin shari'a na malamai ne, mu namu awo. Abin da za mu iya ƙarawa shi ne a wasu ƙasashen Musulmi malamai sun zauna da masana sun sa lamba. Majalisar malaman Indunusiya, a fatawarta ta 2018, ta ɗauki abin sha da etanol ɗinsa ya kai kashi 0.5 cikin 100 a matsayin wanda ya shiga sahun giya. In ka ɗora wannan lambar a kan lissafinmu, gorar da ta yi tauri sosai da kanta tana gab da wannan iyaka ko ta wuce. Wanda duk yake koya wa mutane a bidiyo yadda za su sa wa lemon citta yis "don ya yi gas irin na kanti" ya kamata ya faɗa musu wannan ma. Babu hanyar samun gas daga yis ba tare da ɗan'uwansa ba.

Kunun aya daban yake

Zuwa nan yis muke ta ambata, amma ba shi kaɗai ne mai yin gas ba, kuma a ganina ba shi ne abin tsoro na farko ba.

Zoɓo yana da tsami ƙwarai. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa kuma ƙasa da haka tsami ne, zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa. Yawancin bakteriya masu sa ciwon ciki ba sa iya yaɗuwa a irin wannan tsamin, sai yis da fumfuna. Kunun zaƙi shi ma yana da kariyarsa. Tun wajen jiƙa gero da kwanan ƙulli, bakteriya masu amfani irin na nono suke sa masa tsami. Wasu daga cikinsu suna fitar da gas su ma, tare da etanol ko sinadarin tsamin binega, shi ya sa kunun da ya wuni yake ƙara tsami yana kumfa. Ga shi kuma tsiron shinkafa ko busasshen dankalin da ake sa masa yana ci gaba da narkar da sitaci yana mayar da shi sukari, wato ana ƙara wa masu ci abinci.

Kunun aya ba shi da ko ɗaya daga wannan kariya. Tsaminsa kusan babu, yana kusa da madara. Ba a dafa shi. Ayar daga ƙasa aka tono ta, an kai ta injin niƙan unguwa wanda ya niƙa abubuwa iri-iri tun safe, an tace da hannu, an ƙara dabino da kwakwa. A irin wannan ruwan, waɗanda suke riga kowa yaɗuwa sun haɗa da bakteriyar da ke zaune a hanji da ƙasa da gurɓataccen ruwa, kuma da yawansu masu yin gas ne. Don haka kumburin gorar zoɓo yawanci labarin yis ne, amma kumburin gorar kunun aya yana iya zama labarin gudawa da amai. In ka ji gorar kunun aya ta yi tauri, ko ta yi ƙara da ka buɗe, ko kunun ya yi yauƙi, kar ka ɗanɗana don ka tabbatar. Zubar da shi. Balle a ba yaro ko mai ciki ko tsoho.

A nan ne wata dabarar girki take da illa. Wasu suna jefa 'yar kanwa ko bekin foda a zoɓo don a kashe tsami a rage cin sukari. Yana aiki, za ki ga launin ma ya ƙara duhu. Amma tsamin da kika kashe shi ne mai gadin zoɓon. In na sha yanzu-yanzu ne a gida, babu laifi. In na sayarwa ne da zai wuni a bokiti, kin buɗe wa waɗanda tsami ya hana shiga ƙofa.

Idan ke ce mai sana'ar

Yis yana mutuwa in zafi ya kai digiri 60. Ke nan lokacin da kika sauke tukunyar zoɓo daga wuta, babu mai rai a ciki. Duk wanda ya kumbura miki gora bayan nan ya shiga. Mafi yawan lokuta ta hanya huɗu ne: ɗanyen abarba ko kokwamba da aka markaɗa aka zuba bayan ya huce, ɗanyen ruwa ko ƙanƙarar da aka sirka da ita, rariya da bokiti, sai gorar kanta. Ki dafa ɓawon abarba da cittar tare da zoɓon. Ki zuba sukarin tun yana kan wuta. In za ki sirka, ki sirka da ruwan da aka tafasa. Ki rufe tukunya yayin da yake hucewa.

Gora ita ce babbar matsala, domin yawanci tsintowa ake yi ko saye a wurin masu tarawa, kuma ɗauraya da ruwa ba ta isa. A wanke da sabulu da ɗan buroshi, har cikin zaren murfi inda datti yake maƙalewa. Sannan a jiƙa na 'yan mintuna a ruwan da aka sa wa bilicin wanki marar ƙamshi, irin wanda aka rubuta kashi 3.5 a jikinsa, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. A ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife ta bushe. Kar ki zuba tafasasshen ruwa kai tsaye a gorar roba, tana fara laushi tana motsewa tun daga wajen digiri 70. Gorar da ba ki san abin da aka taɓa zubawa a cikinta ba, ko mai warin fetur ko maganin feshi, babu wankin da zai gyara ta.

Sanyi yana kwantar da yis ne, ba ya kashe shi. Ko daskarewa zoɓo ya yi ya zama ƙanƙara, yana narkewa yis zai farka, kamar yadda ya riƙa yi wa mutanen Shamfen. Don haka gorar da ta wuni a rana aka mayar firji da dare, gobe aka sake fitarwa, ba sabuwa ba ce, daga inda ta tsaya jiya za ta ɗora. Ya fi riba ki haɗa abin da zai ƙare a yini, ki ware ragowar jiya daban ki fara sayar da su, ki matsa kowace gora da hannu kafin ki ɗora wa yarinya a ka. Wadda ta yi tauri ta fita daga lissafi. Asarar gora biyu ta fi sauƙi a kan a ce a tasha kunun gidan wance yana ɓata ciki.

Akwai masu sayen hodar hana lalacewa, sodiyom benzowet, a kasuwa suna barbaɗawa da ido. Hodar tana aiki, amma a abin sha mai tsami kaɗai, don haka a kunun aya asarar kuɗi ce. Kuma adadin da aka yarda da shi ƙanƙani ne. A Tarayyar Turai miligiram 150 ne a lita ta lemo, wato giram 3 a jarka mai lita 20, bai cika ƙaramin cokali ba. In ta haɗu da bitamin C a cikin zafi da hasken rana, tana iya haifar da ɗan sinadarin benzin, wanda aka san yana jawo kansa. Wanda ba shi da sikelin da ke auna giram, gara ya bar ta.

Gas ba tare da yis ba

Saura tambayar masu son zoɓo mai gas da gangan. Ta yaya kamfani yake sa wa lemo da maltina gas ba tare da barasa ba? Ba ya barin komai ya tashi a cikin kwalba. Yana sanyaya ruwan sosai, ya tura masa tsantsar gas da ƙarfi daga tukunyar ƙarfe, ya rufe nan take. Dabarar ta samo asali ne daga Joseph Priestley, wanda a 1767 a garin Lids na Ingila ya riƙa rataya kwanon ruwa a saman manyan tukwanen wani gidan giya da ke maƙwabtaka da shi, ya ga ruwan yana shan iskar da ke tasowa yana yin ɗanɗano mai tsikara. A 1772 ya wallafa hanyar yin hakan ba tare da gidan giya ba, kuma a 1783 Jacob Schweppe ya mayar da ita sana'a a Janiba. Sunansa ne har yau a jikin kwalaben Schweppes.

A gida hanya mafi sauƙi ita ce ki dafa zoɓo mai kauri sosai da sukarinsa, kamar ninki uku ko huɗu na yadda kika saba, ki sanyaya shi. Lokacin sha, a zuba kashi ɗaya a kofi, a cika da ruwan soda mai sanyi, wato ruwan gas marar zaƙi da ake sayarwa a kanti. A karkata kofin a zuba a hankali ta gefe, kar a juya da ƙarfi. Duka biyun su kasance da sanyi, in ba haka ba lissafin Henry zai kwashe gas ɗin kafin kofi ya kai baki. Kuma kar a zuba garin sukari a kan ruwan gas, domin kowace ƙwaya wurin taruwar kumfa ce, nan take zai yi ambaliya ya sace.

In kuma ka tarar da gorar da ta riga ta yi tauri kamar dutse a kula ko a bayan mota, kar ka girgiza ta, kar ka buɗe ta da zafinta. Sa ta a ruwan ƙanƙara na kamar awa ɗaya gas ɗin ya koma cikin ruwa, ka lulluɓe murfin da tsumma, ka kawar da fuskarka da ta yara, ka murɗa kaɗan-kaɗan har ƙarar ta tsaya, sannan ka zubar.